Yadda Ake Zuwa Kallon Barkwancin Dandamali a Katsina Ba a Dawo da Haushi Ba

Tun bayan Ƙaramar Salla nake amsa tambaya guda ta fuskoki daban-daban. Wani nawa ake shiga, wata ko mace za ta iya zuwa, wani abokin yayana kuwa cewa ya yi shi dai tsoronsa kada yaro ya kama shi da baki a bainar jama'a. Wasan da ake nufi shi ne wanda mutum ɗaya zai hau dandamali da makirufo a hannu, ba kiɗa ba rawa, bakinsa kawai, ya yi ta ba zaure dariya. Wanda ka saba gani a TikTok yankakke ne, an tsince masu daɗin an zubar da sauran. Na ido da ido wani abu ne daban, kuma yawancin masu dawowa suna tsaki tun daga gida suka ɓata lissafinsu. Ga yadda nake bi.

1. Nemo inda za a yi

A nan wasan na lokaci ne, kamar mangwaro. Ka fi samunsa a kwanakin Salla, musamman daga daren Hawan Bariki zuwa kwana uku ko huɗu bayansa, lokacin da gari ya cika da 'yan Abuja da Kaduna da suka zo gida. Sai makon ɗalibai da bukukuwan masu kammala karatu, don haka ka riƙa sa kunne wajen yaran Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Sai ƙarshen Disamba. Mutumin Daura ya lura da kwanakin Hawan Magajiya da na Sallar Gani. Da azumi kada ka wahalar da kanka, sai dai 'yan tashe in goma ga wata ta yi.

Sanarwa tana fitowa a fosta a shataletale da bakin makarantu, a gidajen rediyon FM, a Facebook, da sitatus ɗin matasan unguwa.

Hattara: fosta mai fuska goma sha biyu ba ta nufin mutum goma sha biyu za su zo. Ka shiga shafin shi wanda kake son gani ɗin. In bai fito da bakinsa ya ce ga ni nan zuwa Katsina rana kaza ba, ka ɗauka hotonsa kawai aka ara.

2. Tantance irin wasan kafin ka fitar da ko sisi

Kalmar "kwamedi" a jikin fosta tana ɗaukar abubuwa da yawa. Akwai taron da asalinsa gala ce, mawaƙa da 'yan rawa, an saƙala ɗan barkwanci guda na minti goma don a cika suna. Akwai na 'yan fim da za su hau su uku su huɗu su yi ɗan wasan kwaikwayo. Akwai kuma na gaske, inda barkwancin ne tuwon, waƙar miya ce kawai. Ka kira lambar da ke jikin fostar ka yi tambaya huɗu: 'yan barkwanci nawa ne, da wane harshe za su yi, zaure ne ko fili, kuma an yarda a zo da yara?

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Ɗan wasan da aka ɗauko daga Legas ko Warri da buroka zai yi, da gudu kuma, in kunnenka bai saba ba za ka zauna kana dariyar ganin ido, kana bin na kusa da kai. Na Jos da Kaduna sukan gauraya. Ni dai a ganina, zuwan farko ka fara da mai yi da Hausa zalla.

Ka ƙara da tambaya ta biyar in fili ne ko dare zai yi nisa: sun sanar da hukuma? Katsina tana da Hisba, Kano ma haka, har da Hukumar Tace Finafinai da ke sa ido a kan irin waɗannan taruka. Wasan da ba a nemi izininsa ba ana iya tashinsa ana tsaka da yi, kuma ba na jin akwai wanda zai tsaya maida maka kuɗin ƙofa a wannan daren.

3. Tikiti da lissafin aljihu

Yawanci kashi uku ne: na gama-gari, da VIP, da teburi na mutum shida zuwa goma. Farashi yana bin girman baƙo da tsadar zaure da kuɗin man janareta, don haka ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ba ya canzawa shi ne tikitin ba shi ne duka kuɗin daren ba. A ce kuɗin ƙofa N3,000 ne. Ka ɗora Napep zuwa da dawowa, ka tuna na dawowar ya fi tsada don dare ya yi kuma kowa nema yake. Ka ɗora ruwa da lemo, waɗanda a cikin zaure kusan ninki ake sayar da su, galibi kuma ba a barin ka shiga da naka. Ka ɗora ɗan abin da za ka ba mai gadin mota ko babur. Ka ɗora tsiren da za ka tsaya ci a hanya, don dariya tana kawo yunwa. In ka haɗa za ka ga ka doshi N6,000 ko fiye. Dokata ke nan: duk abin da aka rubuta a fosta, ka riƙe ninkinsa, in ku biyu ne ka sake ninkawa.

Saye da wuri ya fi arha a mafi yawan lokuta. Ka je inda suka ce ana sayarwa, shago ne ko gidan abinci, ka karɓi takarda a hannu. In tiransifa za ka yi, ka duba sunan asusun ya dace da wanda masu shirin suka sanar da kansu, ka ɗauki hoton rasit, ka tura musu, ka jira amsa.

Hattara: a bakin ƙofa za ka haɗu da yaro yana ce maka, "Yaya, ga VIP rabin kuɗi, abokina ne ya fasa zuwa." Wuce abinka. Sannan kada ka dogara da waya ranar wasa. Inda mutum ɗari biyar suka taru netiwok yakan ɗauke, na taɓa ganin layi ya tsaya cak minti ashirin ana jiran alat ɗin mutum ɗaya. Ka riƙe tsabar kuɗi, da canji ƙanana.

4. Zaɓi abokin tafiya

Wannan matakin mutane ke rainawa, shi ne kuma ke kashe dare. Kada ka je da duk wanda ba za ka iya ƙyalƙyala dariya a gabansa ba. Surukinka, malaminka, maigidanka na kasuwa, yayan matarka da kuke gaisawa kai a sunkuye, duk ka bar su gida. Ɗan barkwanci zai taɓo zancen kishiya da lefe da bashin mai shago da abin da ke tsakanin miji da mata, kai kuma kana gefen suruki kana haɗiye dariya har cikinka ya ƙulle. Ka yi asarar kuɗi, ka kuma yi asarar sakewa.

Wanda ya dace shi ne aboki, ko taubashi, ko matarka in kun saba raha. Ku uku zuwa huɗu ya fi armashi, kuma Napep ɗaya ta ɗauke ku.

'Yar'uwa, ke kuma ki je da ƙawaye ko da ɗan'uwanki, ki sanar a gida inda za ki da lokacin dawowa, ki kuma fi neman wasan yamma a zaure a kan na dare a fili. Yara ƙanana kuwa, sai in an rubuta ƙarara cewa na iyali ne. Jaririn goye ba wurinsa ba ne, ƙarar lasifika kaɗai ta ishe shi kuka.

5. Lokacin fita da abin riƙewa

Fosta za ta ce ƙarfe huɗu na yamma. Ba za a fara ƙarfe huɗu ba. Abin da na saba gani shi ne mai kiɗa ya yi ta sakin waƙoƙi har Magariba, emsi ya hau bayan an idar, ƙananan 'yan wasa su biyo, mawaƙi ɗaya ko biyu su ratsa, babban baƙo kuma sai can bayan Isha'i. To amma kada ka ce tunda haka ne bari in zo ƙarfe takwas. Kujerar gama-gari ba ta da lamba, wanda ya riga shi ya zaɓa. Ka isa kamar awa ɗaya bayan lokacin fostar, da alwalarka, ku kama wuri, in an kira salla ku raba kanku biyu, wasu su je wasu su tsare kujeru, in sun dawo ku je.

Ka ci abinci kafin ka fito. Ka cika waya da caji. Da hunturu ka riƙe rigar sanyi, sanyin Katsina na Disamba da Janairu ba ya wasa da wanda ya zauna a fili ƙarfe tara na dare. Da damina, musamman Agusta, wasan fili caca ce. Walat da waya su koma aljihun gaba, don cunkoson bakin ƙofa kasuwar 'yan sane ce.

6. Kujera

Nan ne rabin daɗin yake. Da ka shiga, kafin ka zauna, ka tsaya ka dubi abu uku: ina manyan lasifikoki suke, ina ginshiƙi yake, ina fanka take. Ka nisanci na farko, kada na biyu ya shiga tsakaninka da dandamali, ka matsa kusa da ta uku. Wanda ya zauna gindin lasifika ƙara yake ji ba magana ba, barkwanci kuwa in kalma ɗaya ta ƙarshe ta kuɓuce maka shi ke nan, sai ka ga zaure ya tuntsire kai kana tambayar "mi ya ce?"

Wurin da na fi so shi ne layi na huɗu zuwa na bakwai, a tsakiya. Kana ganin fuskar ɗan wasa, don da yawa daga cikin abin dariyar a gira da laɓɓa yake, amma shi haske ya kashe masa ido ba ya tantance ka. Kuma kana cikin jama'a ta ko'ina. Dariya kamar hamma take, daga na kusa ake ɗauka. Can baya kuwa nan ne majalisar masu hira da masu waya da samarin da zance ya kawo su.

VIP fa? Zan faɗi abin da zai ɓata wa masu shiri rai. Sau da yawa layin gaba ya fi ko'ina sanyi. Manya ne a jere, kowa ya harɗe yana tsare girmansa, in an yi abin dariya sai murmushi da gyaɗa kai. Ka biya ninki uku ka zauna inda ba a dariya. Ga shi kuma nan ne gonar ɗan barkwanci, duk wanda idonsa ya faɗa a kai ya zama kayan aiki.

Ni na koya da jikina. Wata Salla aka ba ni tikitin VIP kyauta, na saka sabuwar shadda ruwan toka da ke ƙara in na motsa, na kafa hula, na kuma makara. Ina ratsa gaban dandamali ina sunkuyawa kamar mai neman allura, sai na ji zaure ya yi tsit. Yaron ya dakata da labarin da yake bayarwa.

"Alhaji, sannu da isowa. Wallahi mun so mu jira ka, janaretan ne ba ya jira."

Aka yi dariya. Na ɗaga hannu na zauna, ina cewa ya wuce. Ina!

"Ranka ya daɗe, wane aiki ake taɓawa?"

Na ce aikin gwamnati.

"Madalla. Jama'a, yau nawa ga watan Bature?"

Zaure ya amsa masa, sha tara.

"Sha tara ga wata, ma'aikaci, VIP, sabuwar shadda. Don Allah duk wanda ke bin bawan Allahn nan bashi ya ɗaga hannu mu gani."

Hannu ya fi hamsin ya tashi, har da na abokina da ke gefena. Na yi dariya har hular ta faɗo. Amma tun daga ranar ban ƙara zama gaba ba, ban kuma ƙara ratsa gaban dandamali ana tsaka da magana ba. In fita ta kama ka, ka jira a sauya ɗan wasa, ka bi ta gefen bango.

7. In ya taɓo ka

Zai iya faruwa ko ina ka zauna. Abin yi kaɗan ne: ka amsa a taƙaice, da gaskiya, ka yi dariya, ka bar shi ya wuce. Ya tambayi sunanka, faɗi. Ya tambayi garinku, faɗi. Kada ka yi ƙoƙarin fin shi iya magana. Shi ke riƙe da makirufo, sana'arsa ke nan, ya kwana yana wasa bakinsa, kai kuma daga wurin aiki ka taso. Wanda ya murtuke fuska ko ya mayar da baƙar magana ya ba shi abincin minti goma, zaure kuma bayan ɗan wasa yake bi.

Bakatsine ma bai kamata wannan ya dame shi ba. Mu da muka tashi muna shan baki wurin Nufawa muna ramawa, muka ga Bafulatani da Babarbare suna sayar da juna a kasuwa, Bagobiri da Bayarabe kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kaka na kiran jikarsa matarsa, ai mun san wasa ba faɗa ba ne. Ka ɗauki yaron da ke kan dandamali taubashinka na dare ɗaya.

Haka nan kada ka zama mai jefa magana daga kujera. Akwai irinsu a kowane zaure, ya taɓa ganin labarin a waya sai ya riga ɗan wasa faɗin ƙarshensa da ƙarfi don a san ya sani. Ya zubar wa mutum ɗari uku miyarsu. In kana son taimakon ɗan wasa, dariya da tafi su ne taimakon. Ƙananan da ke fara hawa ma a ba su nasu, ko abin bai kai ba. Ihun "sauka, sauka" ba ya gyara kowa, kuma babban da ka biya don ka gani ta nan ya biyo.

Hattara: wasa yana da iyaka, kai ma ka san taka. In aka shiga taɓa addini, ko zagin iyaye, ko yi wa mai naƙasa dariya, ko batsar da ta fi ƙarfin kunnenka, ba sai ka miƙe ka yi wa'azi ko ka ja rigima ba. Ka kama hannun naka ku fice a hankali, gobe ka kira masu shirin ka faɗa musu dalili. Wannan ya fi yi musu ciwo, don kai ne mai sayen tikitin baɗi.

8. Waya da liƙi

Ka sa waya a shiru tun daga ƙofa. Hoto ɗaya biyu ba laifi, ba tare da filasha ba. Ɗaukar wasan gaba ɗaya kuwa cuta ce ta fuska biyu: ka tare wa na bayanka, ka kuma kashe wa ɗan wasa kasuwa, don labarin da ya yi wata uku yana gyarawa zai kai shi Daura da Funtuwa da Malumfashi, in ka watsa shi yau ya tsufa kafin ya isa. Kai kanka ta ƙaramin gilashi ka kalli abin da ka biya don ka gani da ido.

In ya burge ka kana son yi masa kyauta, ka miƙa a hannu, ko ka ba emsi ya sanar, ko ka tura ta asusu. Watsa naira a sama da tattaka ta laifi ne a dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza N50,000 ba ko duka biyun, kuma a 'yan shekarun nan an kama mutane an gurfanar da su a kan haka, bidiyon da aka ɗauka a wurin biki ne shaidar.

9. Fita

Ka shirya dawowa tun kafin shiga. Mai Napep ɗin da ya kawo ka, karɓi lambarsa ku yi ciniki ya dawo, musamman in gidanka ya yi nisa, irin su Dandagoro ko Batagarawa ko bayan Ƙofar Guga. In babban baƙo ya sauka aka ce saura mawaƙi na rufewa, lokacin tashinka ke nan, kafin ƙofa ta cushe. Wanda ya zo daga Daura ko Mashi ko Dutsinma ya nemi wurin kwana a gari. Ba wasan da ya kai a hau babbar hanya da tsakar dare saboda shi.

10. In Kano ko Abuja za ka

Wasu tambayarsu ta manyan wasannin birni ce. Matakan duk ɗaya ne, sai ƙari uku.

Na farko tafiya. Kano kusan kilomita 170 ce daga Katsina, ta Charanchi da Kankiya da Bichi, mutumin Daura kuma ta Kazaure. Ka hau motar safe a tashar KTSTA, wato motocin gwamnatin Jihar Katsina, ka isa da rana, ka huta, ka yi wanka. Abuja wuni ce guda a mota, sai dai in ka yada zango a Kaduna ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu. Ka tafi ana gobe wasa, kada ka sauka daga mota kai tsaye ka faɗa zaure, barci za ka yi.

Na biyu kuɗi. A can tikitin shi ne ƙaramin abu a lissafin. Mota zuwa da dawowa, masauki kwana biyu in ba ka da ɗan'uwa a Kubwa ko Mararaba, abinci, da tasi na dare, su ne za su cinye aljihun. Manyan wasanni irin wanda ɗan barkwancin nan AY ke yi a otal ɗin Eko da ke Legas ranar Lahadin Ista teburinsu miliyoyin naira ne, na kamfanoni da 'yan siyasa. Kai na gama-gari za ka nema, ta intanet, a shafin da ɗan wasan ya sanar da kansa, ka ajiye lambar shaidar a waya ka kuma buga ta a takarda.

Na uku kunne da ido. A Abuja da Legas buroka ce harshen dandamali, bakin ya fi namu sakewa, a wasu teburan za ka ga kwalabe, kuma da wuya a tashi ba a yi barkwancin "aboki" mai gadi ko mai canji ba, ana kwaikwayon Turancinmu. In ka san wannan zai tsaya maka a wuya, Kano ta ishe ka. In kuwa za ka, ka sa kaftaninka da hularka yadda ka saba, ka nemi layi na biyar a tsakiya, ka sayi tikitin motar dawowa ta safe tun ranar da ka sauka, don Lahadi da Litinin tasha cika take yi.